GUZURIN MAI GOYON JAKA: FATEN NAMA DA SHA'IR WANDA AKA RABA DA RUWANSA

A kowace shekara, tsakanin watan Maris da na Afrilu, dubban mutane sukan hau dutsen Springer, cikin jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, su kama wata siririyar hanya wadda mota ba ta bi. Ita ce hanyar duwatsun Apalash, mai tsawon kilomita wajen 3,500, wadda ta ratsa jihohi 14 kafin ta ƙare bisa dutsen Katahdin, can arewa cikin jihar Maine. An gama share ta a shekarar 1937. A 1948 wani tsohon soja, Earl Shaffer, ya ba da labarin ya bi ta tun daga farko har ƙarshe cikin tafiya guda, a 1955 kuma wata dattijuwa mai shekara 67, Emma Gatewood, ta yi haka ita kaɗai. Tafiyar takan ci wata biyar zuwa bakwai, kuma cikin mutum huɗu da suka fara, wajen ɗaya ne ke ganin ƙarshenta.

Waɗannan mutane ba fatake ba ne, ba kuma makiyaya ba. Tafiyar kanta ita ce abin da suka fito nema. Wanda ya san ciwon ƙafar zuwa kasuwar ƙauye da rana tsaka yana iya mamakin mutumin da ke da mota a gida ya ajiye ta don ya sha wahala da kuɗinsa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya kamata a duba shi ne dabarar da wahalar ta koya musu wajen shirin guzuri, domin matsalar da suke fama da ita tsohuwa ce, kuma duk matafiyi ya san ta.

Ayarin gishiri da ke tashi daga Agadas zuwa Fashi da Bilma yana ratsa Tenere ne da raƙuma, su ke ɗauke da gero da cuku da dabino da salkunan ruwa, har da ciyawar da za su ci a hanya. Mai bin hanyar Apalash ba shi da raƙumi: shi ne madugu, shi ne amale. Tantinsa da bargonsa da tufafinsa da tukunyarsa da abincinsa duk suna cikin jaka guda wadda yake goye da ita tun asuba har maraice, yana hawa yana gangara. Masana wannan tafiya sukan ce kada nauyin jaka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Watau mutum mai kilo 70 yana da izinin kilo 14. In an cire kayan kwana da na girki, wajen kilo 7 ko 8, aka cire lita 2 ta ruwan sha, wadda ita ma kilo 2 ce, abin da ya rage ma abinci bai fi kilo 4 ko 5 ba. Da shi ne zai yi kwana huɗu ko biyar kafin ya kai wani gari. A jihar Maine ma akwai wani daji mai tsawon kilomita 160 wanda aka kafa allo a bakinsa ana gargaɗin matafiyi kada ya shiga sai da guzurin kwana 10.

To, jikin da ke hawan dutse wuni guda da kaya yana ƙona abinci kusan ninki biyu na jikin ma'aikacin da ke zaune a ofis. Ga ciki mai neman ƙari, ga baya mai neman ragi. Tsakanin waɗannan biyu ne mutane da yawa suke karaya su koma gida.

RUWA SHI NE NAUYI

Maganin yana cikin lissafi mai sauƙi. Tsokar naman sa ɗanya, kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Albasa da karoti sun kusa kashi 90, tumatir kuwa ya kai 94. Dafaffen sha'ir ko dafaffiyar shinkafa, wajen kashi 70. Wanda ya ɗauki tukunyar fate mai kilo 2 da rabi, wajen kilo 2 na ruwa ya ɗauka, alhali kuwa hanyar Apalash cike take da ƙoramu da idanun ruwa. Saboda haka sai a raba abincin da ruwansa a gida, a mayar masa da shi a daji.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Ayarin Lewis da Clark, wanda ya ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, ya tafi da wajen kilo 88 na romon nama da aka tafasa har ya ƙafe ya daskare kamar ƙaro. Ƙabilun asali na arewacin Amurka suna da femikan, watau busasshen nama da aka daka aka kwaɓa da narkakken kitse, wanda daga baya Amundsen da Scott suka yi guzuri da shi a tafiyarsu ta ƙuryar kudancin duniya a 1911 da 1912. Sojojin Jamus sun yi yaƙin 1870 da wani curin garin wake da kitse wanda ake narkarwa cikin ruwan zafi ya zama miya. A ƙarni na 20 kuma masana'antu suka ƙware da wata hanya ta daskarar da abinci da sanyi, sa'an nan a zuƙe ƙanƙarar cikinsa ba tare da ta narke ba. Abincin da aka yi ma haka ya fi kowane sauƙin nauyi, yana kuma shekaru bai lalace ba, amma ƙunshi guda na cin dare ɗaya yakan kai dalar Amurka 10 ko fiye, kimanin jika 6 na kuɗin sefa. Mai tafiyar wata shida in ya lissafa wannan sai ya ga gara ya sayi na'urar busarwa ya yi abinsa da hannunsa.

Na'urar ba wata abin al'ajabi ba ce. Akwati ne mai aiki da wutar lantarki, da faya-fayai masu huji jere bisa juna, da waya mai ba da zafi, da fanka mai kora iska, da maɓallin daidaita zafi. Aikinta shi ne ta yi hunturu da bazara a lokaci guda cikin ɗaki, ba ƙura, ba ƙuda, ba kuma faɗuwar rana.

Daga cikin abincin da ake busarwa, faten naman sa da sha'ir yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa, domin ya haɗa abin gina jiki da abin ba da ƙarfi da kayan lambu cikin kwano guda. Ga abin da ake tanada don cin dare huɗu: naman sa garam 500, garin busasshen burodi garam 60, surfaffen sha'ir garam 250, albasa biyu, karoti uku, tumatir garam 400, da tafarnuwa, tonka, masoro da gishiri gwargwadon bakin mai ci.

NAMA DA KITSENSA

A wajen nama ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma abu na farko da ake nema ga mahauci ya saɓa ma al'adar mai sayen nama. Kowa ya san daɗin nama yana ga kitse, amma a nan tsoka zalla ake so, wadda kitsenta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, in ya gaza haka ma ya fi. Dalili biyu ne. Kitse ba ya bushewa, domin ba ruwa ba ne; in ya narke cikin na'ura sai ya lulluɓe naman, ya hana ruwan ciki fita, ranar ci kuma ya hana ruwan waje shiga. Na biyu, kitsen da ya bazu bisa dubban ƴan gutsattsarin nama yana cuɗanya da iska ta kowane gefe, iskar kuwa ita ke sa mai ya tsufa ya yi ɗaci da wari. Ƙunshin da aka yi da nama mai kitse, bayan ƴan makonni cikin zafi, ko mai jin yunwa sai ya toshe hanci.

Wani zai ce, to femikan fa, wanda kusan rabinsa kitse ne? Shi wannan kitsen an narkar da shi ne an tace, ba ruwa cikinsa, aka zuba shi ya toshe duk wata kafar da iska za ta bi, kuma ƙasar sanyi aka yi shi dominta. Mai busar da fate hanyarsa dabam ce: yana fitar da kitse daga nama, ya zuba man zaitun ko wani mai cikin ƴar kwalbar roba mai murfi, ya riƙa tsiyayawa lokacin ci. Ba ya yin sakaci da wannan kwalba, domin garam ɗaya na mai yana ba da kalori 9, watau ma'aunin ƙarfin abinci, alhali garam ɗaya na tsaba ko na busasshiyar tsoka wajen 4 yake bayarwa.

Abu na biyu shi ne yankan. Tsokar da aka yanka gunduwa-gunduwa kamar ta miya, in ta bushe ƙirgi take zama, ko an jiƙa ta awa guda cikinta ba ya laushi. Tilas a niƙa naman a inji, ko kuwa a dafa shi har ya yi lugub a tsattsage shi zare-zare kamar za a yi dambun nama, sai dai ba a kai ga suya ba. Niƙaƙƙen naman ma yana da halinsa. In aka busar da shi haka nan, zaruruwansa sukan ƙanƙance su ƙulle, har masu tafiyar suka sa masa suna tsakuwa, domin haka yake ƙara a haƙori. Garin burodi shi ne maganin wannan. Ana cuɗa garam 60 cikin garam 500 na ɗanyen nama tun kafin a ɗora a wuta, garin ya shiga tsakanin zaruruwan ya hana su haɗewa, ranar da aka zuba ruwa kuma shi ne ke jan ruwan zuwa ciki kamar soso.

Sa'an nan a zuba naman cikin kasko ba tare da mai ba, ana juyawa ana farfasa curin, har jan ya ɓace sarai. A tsiyaye abin da ya fito na kitse, a shimfiɗa naman bisa takarda mai shan mai a danna. Waɗansu har ruwan zafi suke kwarara masa cikin matsami. Hakan yana ƙara masa kwana, amma yana tafiya da ɗanɗano, kuma wanda ya zaɓi tsoka mai kyau tun farko ba ya bukatarsa.

Tsaba ba ta da wannan rigima. Ana dafa sha'ir da ruwa ninki uku nasa, tare da albasa da karoti da tumatir da kayan yaji, wajen minti 40 zuwa 50, har ya nuna ruwan ya yi kauri. Ba a sa mai ko kaɗan, ko na soya albasa. Karoti a yanka shi ƙanana, girman ƙwayar wake, kuma kai ɗaya, don kada wani ya bushe wani ya rage. Wanda ba shi da sha'ir yana sa shinkafa ko tsakin alkama.

Me ya sa za a dafa tsabar da dama busasshiya ce, a sake busar da ita? Don wuta. Matafiyin yana girki ne bisa ɗan risho mai gwangwanin gaz, kuma gwangwani mai garam 100 yana iya tafasa ruwa wajen lita 10, amma in aka ce ya dafa ɗanyen sha'ir da ƙyar ya yi girki uku. Itace kuwa ba ko'ina aka yarda a hura shi ba. A gandun dajin Yosemite na jihar Kalifoniya, alal misali, an hana hura wuta a duk inda tudu ya wuce mita 2,900, domin itatuwan can ba su girma da sauri. Ga shi kuma bisa tudu ruwa ba ya kai zafinsa na ƙasa: a mita 3,000 yana tafasa ne a wajen digiri 90 maimakon 100, dahuwa sai ta ƙara jinkiri. Tsabar da ta riga ta nuna kuwa ba ta neman dahuwa, ruwan zafi kawai take jira. Matan da ke turara dambun gero ko acca su busar su ƙulla cikin leda don kasuwannin Yamai da Damagaram wannan hikima ce suke aiki da ita, haka kuma wanda ya san kauɗar tumatir da gabu da busasshiyar kuɓewa ba ya bukatar a gaya masa cewa kayan miya suna dawowa bayan sun bushe.

Akwai saɓani tsakanin masu wannan sana'a a kan ko a haɗa nama da tsaba cikin tukunya guda a busar tare, ko a raba. Masu haɗawa suna cewa romon nama yana shiga sha'ir, kuma gaskiyarsu. Masu rabawa suna cewa nama yana son zafin da ya fi na kayan lambu, kuma in an raba ana iya goge masa mai yana cikin na'ura. Ga wanda abincinsa zai yi wata guda ko biyu kafin a ci, rabawar ta fi tsaro. Wanda ya haɗa kuwa, tilas ya bi zafin nama ga dukan tukunyar.

Ana shimfiɗa kowanne bisa faifai, da takarda marar kama abinci a ƙarƙashi, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita. Nama a digiri 63 ko sama kaɗan, awa 6 zuwa 8. Faten sha'ir a wajen digiri 57 zuwa 60, awa 8 zuwa 12. Bayan awa uku ko huɗu a buɗe, a farfasa inda ya dunƙule, a juya, a goge man da ya tsattsafo bisa naman. Gaggawa ba ta da amfani a nan: in aka ƙara wuta ƙwarai don a gama da wuri, bayan abincin ne ke ƙeƙashewa ya kulle danshi a ciki, ido ya ga busasshe, bayan kwana goma hunhuna ta fito. Gwajin shi ne a ɗebo kaɗan a bar shi ya huce, domin abu mai zafi yana da laushin ƙarya. In ya karye ƙas, ba ya lanƙwasa, ba ya kama yatsa, ya yi.

INDA HAƊARIN YAKE

Ba don ɗanɗano kaɗai ake dafa nama kafin a busar ba. A shekarar 1995, cikin jihar Oregon, mutane da dama sun kamu da gudawa mai tsanani bayan sun ci naman barewa da aka busar a gida cikin irin wannan na'ura. Bincike ya gano ƙwayar cutar nan E. coli O157:H7 cikin naman, da ranta, bayan awowi masu yawa na busarwa. Bayanin da masana suka yi shi ne, ɗanyen nama yana cikin na'ura ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, don haka ba ya ɗaukar zafi sosai sai ya kusa bushewa, a lokacin kuwa ƙwayoyin cutar sun riga sun bushe tare da shi sun ƙara jure ma zafi. Shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ke gargaɗin a kai naman sa digiri 71 tun yana da ruwansa, kafin ya shiga na'ura. Niƙaƙƙen nama ya fi bukatar wannan, domin inji yana kwashe abin da ke bayan tsoka ya cusa shi ko'ina a ciki.

Dahuwa kuma ba ta rufe ƙofar duka ba. Akwai ƙwayoyin cuta, irin su Bacillus cereus da ke zaune cikin shinkafa da sauran tsaba, waɗanda suke ɓuya cikin wani ɓawo mai tauri su tsallake tafasa. In dafaffen abinci ya zauna da ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, sai su farka su hayayyafa, wasunsu su zubar da dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a wannan hali. Daga tukunya sai faifai, ko kuwa firigo in na'urar ba ta da wuri. Amai da gudawa a gida wahala ce, amma ga mutumin da ke tafiyar kwana biyu daga hanyar mota, shi kaɗai, suna iya zama ajali.

A nan ne mai karatu na Madawa ko Tasawa zai tambaya ko rana ba ta isa ba, tun da da ita ake kilishi tun kaka da kakanni. Tambayar tana da tushe, kuma iskar hunturu ta fi ta dazuzzukan gabashin Amurka bushewa nesa ba kusa ba. Sai dai a dubi abin da mai kilishi yake yi. Yana feɗe tsoka ta yi sirantar takarda, yadda za ta bushe cikin ƴan awowi. Yana tsoma ta cikin labu mai gishiri da yaji, ya sake shanyawa, daga ƙarshe ya gasa ta bisa garwashi. Kowane mataki yana da aikinsa, gashin nan na ƙarshe kuwa ba ado ba ne. Fate dabam yake: dafaffe ne, jiƙaƙƙe, mai kauri, gishirinsa kaɗan, watau gona ce shiryayya ga ƙwayar cuta. In aka baza shi bisa tabarma da hantsi, la'asar ta yi bai gama ba, ya kwana da danshi, to an yi kiwon cuta ne da hannu. Wanda ba shi da na'ura yana iya aiki da tanda ta gaz ko ta lantarki a mafi ƙarancin wutarta, a bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, ko akwatin busarwa mai gilashi da ke tara zafin rana, da sharaɗin a sa ma'aunin zafi a ciki a ga ya riƙe digiri 60, a kuma ƙarasa aikin a wuta in rana ta yi sanyi bai gama ba. Da damina kuwa ba a ma fara wannan da rana.

Bayan bushewa, lissafin yakan fito kamar haka: nama da garin burodinsa wajen garam 190, sha'ir ya koma kusan nauyinsa na farko, kayan lambun da suka kai garam 800 su koma wajen 80. Jimla kimanin rabin kilo, daga tukunyar da ta kai kilo 2 da rabi. Kowane cin dare garam 125 ke nan, abin da bai cika tafin hannu biyu ba, mai kalori wajen 530, wanda cokali biyu na mai ke kai shi kusa da 770.

Masu haƙuri ba su ƙulle shi nan take. Sukan zuba shi cikin kwalba mai murfi su ajiye kwana bakwai, suna girgizawa kullum. In gumi ya bayyana a jikin kwalbar, a mayar da shi na'ura. In hunhuna ce ta bayyana, a zubar duka, ba a tsince. Sa'an nan a auna rabon kowane dare cikin leda mai kauri, domin busasshen sha'ir yana da kaifi yana huda marar ƙarfi, a matse iska, a rubuta ranar da aka yi da yawan ruwan da zai sha. Naman da aka busar a gida, wata ɗaya zuwa biyu ake ba shi a zafin ɗaki. Saboda haka mai tafiyar wata shida yakan bar ƙunshe-ƙunshensa cikin firigo mai daskarewa, wani na gida ya riƙa aika masa kwali-kwali zuwa gidajen waya na garuruwan da ke bakin hanya, inda ake ajiye ma matafiyi saƙonsa har kwana 30.

Akwai kuskuren da sababbi suke yawan yi, wanda ba na lafiya ba ne. Mutum ya ɗanɗana fatensa a gida ya ji daɗi, sai ya busar da na dare ɗari. Kafin wata na biyu ko ƙamshinsa ba ya son ji. A masaukan da ke bakin hanyar akwai akwatunan da matafiya ke zuba abin da suka gaji da shi don wani ya ɗauka, kuma ba su rabuwa da irin waɗannan ledoji. Masu wayo sukan sauya yaji daga tukunya zuwa tukunya, su sa wake a wata, dankalin turawa a wata. Sun kuma san zafi da iska suna rage bitamin C na kayan lambu, don haka in sun shiga gari sukan fara da lemu da ɗanyen ganye.

Da maraice, in an kafa tanti, aikin da ya ci wuni guda a gida wajen minti 20 yake ɗauka. A juye leda cikin tukunya, a zuba ruwa wajen kashi ɗaya cikin uku na lita, yadda zai rufe abincin ya ɗan hau. A bar shi ya jiƙa minti 5 ba wuta. A kunna risho, ya tafasa minti guda ana juyawa don kada ya kama, tafasar nan kuma ita ke tsabtace ruwan ƙorama. In tudu ya wuce mita 2,000 a ba shi minti 3. A kashe wuta, a rufe, a sa tukunyar cikin wata riga mai riƙe zafi da aka ɗinka dominta, ko a naɗe ta da hular sanyi, a bar ta minti 10 zuwa 15. A nan ne sha'ir ke kumbura, nama ya saki. In an buɗe ya yi kauri a ƙara ruwan zafi kaɗan, a tsiyaya mai, a gyara gishiri, domin wanda ya wuni yana gumi bakinsa ya fi na gida son gishiri.

Ba a wanke tukunyar cikin ƙorama. Galibi sukan zuba ruwa kaɗan su kankare da cokali su shanye, don kada ko ƙwaya ta tafi banza, kada kuma ƙamshi ya zauna kusa da tanti. Dazuzzukan nan akwai beyar, dabba mai ƙarfi wadda hancinta ya fi na kare, kuma wadda ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbi ne. Sauran ledojin, da kwalbar mai, har da ledar da aka juye, ana rataye su bisa reshe mai tsawo nesa da wurin kwana, ko a kulle su cikin wani gwangwani mai tauri wanda a Yosemite doka ce a ɗauke shi. Cikin wannan gwangwani, abincin da bai bushe ba na kwana biyu ko uku ne zai shiga, busasshe kuwa yana kai na mako guda.